BABI NA HUƊU: JIGON SIYASA DA WAKILCIN AL'UMMU A FIM ƊIN PIRATES OF THE CARIBBEAN: AT WORLD'S END

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zubi da tsarin wannan fim da kuma salon da aka bi wajen isar da labarinsa. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan abubuwa biyu da suke tafiya tare, wato ra'ayin siyasar da fim ɗin ya karkata gare shi, da kuma yadda ya wakilci al'ummun duniya daban-daban a cikin taurarinsa. Kamar yadda aka ambata tun a babi na farko, fim ɗin shi ne na uku a jerin fina-finan 'yan fashin tekun Karebiyan waɗanda kamfanin Walt Disney na Amurka ya fara fitarwa a 2003. Ya fito a watan Mayu na 2007. Gore Verbinski ne ya ba da umarni, Jerry Bruckheimer ya shirya, Ted Elliott da Terry Rossio suka rubuta labarin.

Kafin a shiga cikin nazarin, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da wakilci a wannan babi, domin kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai wakilcin gani, wato a nuna fuskar wata al'umma da suturarta da harshenta a cikin fim har mai kallo ya shaida ta. Akwai kuma wakilcin iko, wato a ba ɗan wannan al'umma damar ya yanke shawara ko ya aikata wani abu da zai juya akalar labarin. Abin da wannan babi zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, fim ɗin ya yi yalwa ƙwarai wajen na farko, ya kuma yi rowa wajen na biyu, kuma wannan rowa ita ce ta tona ainihin matsayinsa na siyasa fiye da duk wani jawabi da aka sa a bakin taurarinsa.

4.1 Fim Ɗin da Mai Kallo a Darmanawa

Darmanawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni, tana maƙwabtaka da Gyaɗi-Gyaɗi. Tsakaninta da bakin teku a Legas akwai tafiyar kimanin kilomita 1,000, saboda haka fashin teku ba abu ne da mazauna unguwar suka taɓa gani da ido ba. Fashi dai sun san shi, amma na hanya da na daji, kuma a Hausa kalmar ɗan fashi ba ta da wani gefe na yabo ko kaɗan. Wannan ita ce matsala ta farko da fim ɗin yake cin karo da ita a gaban Bahaushe, domin ya nemi mai kallo ya goyi bayan ɗan fashi, ya ƙi hukuma. Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne halin babban tauraro, Jack Sparrow, wanda Johnny Depp ya fito a madadinsa. Wayonsa da tsoronsa da zarin bakinsa da yadda yake kuɓuta a duk lokacin da aka yi zaton tasa ta ƙare sun fi kama da na Gizo a tatsuniya fiye da na ɗan fashin da aka sani. Haka kuma adabin Hausa bai rasa gurbin da ake sauraron kirarin ɓarawo don nishaɗi ba tare da an amince da sata ba, kamar yadda waƙoƙin Muhammadu Gambo suka tabbatar.

A lokacin da fim ɗin ya fito, kasuwar tsofaffin sinimomin Kano irin su Marhaba ta riga ta ja baya. Fina-finan waje sun fi isa unguwanni ta hanyar faifai da gidajen kallo, daga baya kuma ta hanyar masu tura fina-finai a wayar hannu, waɗanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre da shagunan cikin unguwa. Larkin (2008) ya yi bayani mai tsawo a kan yadda kwafar kaset ba bisa izini ba ta zama hanyar da fina-finan Indiya da Amurka suke yaɗuwa daga kasuwar Ƙofar Wambai. Abin dariya a nan shi ne, a Ingilishi sunan da ake kiran ɗan fashin teku da shi, shi ne kuma ake kiran mai satar fasaha. Ke nan fim ɗin da yake yabon 'yan fashi ta hannun waɗanda kamfanin da ya yi shi yake kira 'yan fashi ya iso.

Wannan hanya ta isowa tana da tasiri a kan fahimta. Ingilishin fim ɗin mai wuya ne, cike yake da tsohon salon magana da zaurancen matuƙan jirgi, ga kuma ƙulle-ƙullen cin amana waɗanda ko masu harshen sun koka da su. Wanda bai bi maganar daki-daki ba, hoto yake karantawa: wa yake tsaye a tsakiya, wa yake riƙe da takobi, wa ake yi wa dariya. Don haka ne wannan nazari ya ba hoto muhimmanci daidai da furuci.

4.2 Kamfani a Matsayin Hukuma

Fim ɗin ya buɗe ne da fitowar da ba a saba ganin irinta a fina-finan Disney ba. An jero mutane cikin sarƙa, maza da mata, ana hawa da su kan dandamali ana ratayewa rukuni-rukuni, yayin da wani jami'i yake karanta sanarwar dokar ta-ɓaci. A cikin sanarwar an dakatar da 'yancin taro, da 'yancin a kai wanda aka tsare gaban alƙali, da 'yancin samun lauya, da 'yancin a yi wa mutum shari'a a gaban tsararrakinsa. Duk wanda aka samu da fashi, ko taimaka wa ɗan fashi, ko hulɗa da shi, hukuncinsa rataya. Daga cikin waɗanda aka hau da su har da wani yaro wanda sai da aka ɗora shi a kan ganga kafin wuyansa ya kai ga igiya.

Mai ba da wannan umarni ba sarki ba ne, ba kuma gwamna ba. Lord Cutler Beckett ne, wakilin Kamfanin Gabashin Indiya, wato ɗan kasuwa. Sojan ruwan Ingila suna ƙarƙashinsa, gwamnan Port Royal ya zama ɗan sa hannu a takarda, har dodon teku Davy Jones ya koma ɗan aikensa tun da zuciyarsa ta shiga hannun kamfani. A duk lokacin da Beckett ya ci amana ko ya sa aka kashe wani, uzurinsa ɗaya ne, cewa harkar kasuwanci ce ta gaji haka, kuma da wannan kalma a bakinsa ya mutu.

Ga mai kallo a Amurka a 2007, wannan sanarwa tana tuna masa abin da yake faruwa a ƙasarsa bayan harin 11 ga Satumba 2001, musamman dokar da aka sa wa hannu a watan Oktoba na 2006 wadda ta hana fursunonin Guwantanamo ƙalubalantar tsare su a kotu, har sai da Kotun Ƙoli ta rushe wannan sashe a 2008. Mai kallo a Nijeriya kuwa ba ya bukatar ya je nesa. Doka ta 2 ta 1984 ta ba gwamnatin soja ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. A ranar 10 ga Nuwamba 1995 an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 a Fatakwal bayan hukuncin wata kotu ta musamman, kuma gwagwarmayar da ta kai su ga haka ta shafi aikin kamfanonin mai a ƙasar Ogoni.

Amma misalin da ya fi dacewa da Beckett ya girmi waɗannan duka. Ƙasar da ake kira Nijeriya ta Arewa ta hannun kamfani ta fara shiga mulkin Ingila. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin George Goldie takardar izini, ya zama Kamfanin Royal Niger, yana da sojansa da kotunansa da harajinsa. Ya hana 'yan kasuwar Nembe cinikin da suka gada a kogin Neja, har a watan Janairu na 1895 Sarki Koko ya kai hari a tashar kamfanin da ke Akassa, sojan ruwan Ingila kuma suka zo suka ƙona garinsa. A 1897 sojan kamfanin suka ci Bida da Ilori da yaƙi. Lugard da kansa ya yi wa kamfanin aiki a Borgu a 1894, kafin ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, bayan gwamnati ta karɓi ƙasar daga hannun kamfani ta biya shi fam 865,000. Shekara uku bayan haka, a watan Fabrairu na 1903, Kano ta faɗi. Idan aka yi la'akari da wannan, tambayar da fim ɗin ya ɗora labarinsa a kai, wato wane ne ɗan fashi tsakanin mai ƙwace jirgi ɗaya da mai ƙwace teku gaba ɗaya da takarda a hannu, tambaya ce da tarihin ƙasar nan ya riga ya yi. A wannan gaɓa dole a yaba wa fim ɗin. Ba kasafai fim ɗin nishaɗi mai tsada irin wannan yake fitowa fili ya ce ciniki yana iya zama makamin zalunci ba.

4.3 Inda Adawar ta Tsaya

Sai dai idan aka zurfafa, za a ga adawar tana da shinge. Laifin duka an tattara shi a kan kamfani, kamfanin kuma an tattara shi a kan mutum ɗaya. Sarkin Ingila da ya ba Beckett iko ba a gan shi ba, ba a kuma zarge shi ba. Gwamna Swann, wakilin sarki a Jamaika, dattijo ne mai tausayi wanda kamfani ya kashe da ya gama amfani da shi. Norrington, hafsan sojan ruwa, ya tuba ya ba da ransa don ya kuɓutar da Elizabeth. Da Beckett ya mutu kuwa, rundunar jiragen da ta cika teku sai ta juya ta koma, kamar dai babu wani mai sha'awar wannan yaƙi in ba shi ba. Saƙon da wannan tsari yake isarwa shi ne, mulkin mallaka ba shi da aibi a karan kansa, wani azzalumi ne ya karkatar da shi.

A siyasar Kano an saba raba ra'ayi gida biyu, na 'yan mazan jiya da na masu neman sauyi, tun daga kafuwar NEPU a 1950 wadda ta gina kiranta a kan talakawa. Idan aka auna fim ɗin da wannan ma'auni, ba zai shiga sahun masu neman sauyi ba duk da kamar da ya yi da su, domin babu talaka a cikinsa. Waɗanda aka rataye a farko ba a sake waiwayarsu ba. 'Yancin da Elizabeth ta yi jawabi a kansa kafin yaƙi 'yanci ne na mai jirgi ya bi inda ya ga dama da gumin goshinsa, ba tare da wata hukuma ta tare shi ba. Haka nan a fitowar da Jack da Barbossa suka tsaya a gaban mushen dodon ruwa suna juyayin yadda abubuwan mamaki suke ƙarewa a duniya, begen jiya ne yake magana. Wato fim ɗin ya ari harshen masu neman sauyi ya isar da kukan 'yan mazan jiya, ya kuma bar ƙofa a buɗe yadda mai kowane ra'ayi zai kalla ya ga kansa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 300, wanda kuma ya samo fiye da dala miliyan 900 a sinimomin duniya. Mai irin wannan jari ba ya son ya ɓata wa kowane mai saye rai.

4.4 Majalisar 'Yan'uwa

Fitowar da aka fi kafa hujja da ita wajen cewa fim ɗin ya wakilci kowa ita ce ta Majalisar 'Yan'uwa, inda shugabannin 'yan fashi 9 suka taru don shawarar yadda za su fuskanci kamfani. A kan teburin akwai Ammand mai kama da 'yan fashin daular Usmaniyya, da Uwargida Ching 'yar Sin, da Sri Sumbhajee na Indiya, da Jocard baƙar fata, da Chevalle na Faransa, da Villanueva na Sifen, sai Barbossa da Jack. Kujera ta tara ta Sao Feng ce, shugaban 'yan fashin Singafo. Ke nan a asali 5 daga cikin 9 ba Turawa ba ne. An kuma ɗauko 'yan wasa masu nauyi. Chow Yun-fat, wanda masu kallon fina-finan Hong Kong suka daɗe da sani, shi ne Sao Feng. Ghassan Massoud na Siriya, wanda ya fito a matsayin Salahuddin Al-Ayyubi a fim ɗin Kingdom of Heaven a 2005, shi ne Ammand. Hakeem Kae-Kazim, haifaffen Legas, wanda ya fito a Hotel Rwanda a 2004, shi ne Jocard. Wasu sunayen ma daga tarihi aka tsinto su, domin an yi wata mata a kudancin Sin da ta jagoranci ɗaruruwan jirage har ta yi sulhu da hukuma a 1810, an kuma yi Sambhaji ɗan Kanhoji Angre, daga gidan da ya daɗe yana hana jiragen Kamfanin Gabashin Indiya sakat a gaɓar yammacin Indiya. A wakilcin gani dai babu abin da za a ce.

Abin tambaya shi ne, me waɗannan shugabanni suka aikata? Sao Feng, wanda ya fi su samun lokaci, an fito da shi da tabo a fuska da dogayen farata, yana zaune a gidan wanka mai duhu da tururi. Ya ci amanar abokan tafiyarsa ya haɗa kai da kamfani, ya kuma nemi ya ci zarafin Elizabeth, sannan ya mutu tun kafin a zauna majalisar, bayan ya miƙa mata jirginsa da kujerarsa. Da haka 'yar gwamnan Ingila ta zama wakiliyar tekun Sin. Hukumar tace fina-finai ta ƙasar Sin ta yanke kusan rabin fitowar Chow Yun-fat kafin ta bari a nuna fim ɗin a can, kuma an danganta hakan da cewa kamannin sun zubar da mutuncin Sinawa. Ko da ba a yarda da almakashin hukuma ba, ƙorafin yana da tushe, domin wannan siffa tsohuwa ce a fina-finan Amurka.

Sri Sumbhajee ba ya magana da bakinsa, hadimansa ne suke yi masa. Ɗaya daga cikinsu ya ce a yi watsi da kundin dokokin 'yan fashi, nan take mai tsaron kundin, wato mahaifin Jack, ya harbe shi, aka ci gaba da taro kamar ba a yi komai ba. Da Sumbhajee ya buɗe baki a ƙarshe sai aka ji 'yar siririyar murya, wadda aka tanada tun farko don dariya. Ammand da Jocard kuwa abin da aka fi tunawa da su shi ne ihun neman a harbe mutum ko a yanke masa harshe. Mutumin da shekara biyu kafin nan ya riƙe fim guda da kwarjinin Salahuddin, a nan kalmominsa ba su cika tafin hannu ba. Uwargida Ching ce kaɗai ta kawo shawara mai ma'ana, cewa maɓoyarsu ganuwa ce mai isasshen guzuri, babu dalilin fita yaƙi, kuma ba a bi shawarar ba. Muhawarar gaske tsakanin mutum uku ta gudana: Barbossa da Elizabeth da Jack.

Da aka zo zaɓen Sarkin 'Yan Fashi, kowa ya zaɓi kansa kamar yadda aka saba, sai Jack ya ba Elizabeth ƙuri'arsa, ta ci da ƙuri'a 2. Za a iya cewa wannan ci gaba ne ta fuskar wakilcin mata, kuma haka ne, domin yarinyar da aka sace a fim na farko ita ce take ba da umarnin yaƙi a na uku. Amma akwai wata mace a teburin wadda ta girme ta, ta kuma fi ta jirage da sanin teku, labarin bai ko kalle ta ba. Daga nan aka tafi tattaunawa da abokan gaba a kan wani tsibirin yashi, mutum uku a kowane ɓangare, dukkansu shida Turawa. Aka zo yaƙi, kowane shugaba ya ɗaga tutarsa, aka bi su da kyamara ɗaya bayan ɗaya cikin kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Bayan wannan kuwa jirage biyu ne kawai suka shiga cikin guguwar ruwa suka gwabza, su ne kuma suka haɗu suka farfasa jirgin Beckett. Mutanen Sao Feng da suke cikin jirgin Jack sun yi faɗa, amma a matsayin mabiya marasa suna. Sauran rundunonin Asiya da Afirka suna nesa suna kallo, da aka gama suka yi sowa suna jefa huluna sama.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san hawan daba na zamanin Turawa, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, ko wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Kowace masarauta takan fito da dawakinta da lifidinta da 'yan kwalkwalinta, a jeru a yi jafi, idon baƙo ya ƙoshi da launi iri-iri, alhali shawarar ƙasa tana wani ofishi dabam. Said (1978) ya nuna cewa a rubuce-rubucen Turawa mutumin Gabas abin kallo ne da ake bayyanawa, ba mai bayyana kansa ba, Shaheen (2001) kuma ya bi sawun wannan ɗabi'a a ɗaruruwan fina-finan Amurka da suka fito da Larabawa. Majalisar 'Yan'uwa ta fi waɗancan ladabi, tun da ta ba kowa kujera, sai dai kujerar 'yan kallo ce.

4.5 Tia Dalma da Bautar da Ba a Ambata Ba

Tauraruwa baƙar fata da ta fi kowa tasiri a labarin ita ce Tia Dalma, wadda Naomie Harris ta fito a madadinta. Bokanya ce mai baƙaƙen haƙora da ke zaune a bukka cikin fadama, ita ce kuma ta dawo da Barbossa daga mutuwa. Daga baya aka gane ita ce Calypso, aljanar teku, wadda majalisar farko ta ɗaure a cikin jikin ɗan Adam domin 'yan fashi su mallaki teku. A nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, ƙarfinta na tsafi ne da fushi da kishi, ba na shawara ba, kuma da aka sake ta sai ta daina zama mutum, ta kumbura ta tarwatse ta zama ƙaguwa. Na biyu, labarin da kansa ya ɗauki jikin baƙar mace a matsayin kurkukun da aka hukunta ta da shi. Hoton da aka nuna kafin a sake ta, wato baƙar mace ɗaure da igiyoyi a kan jirgin ruwa, maza sun kewaye ta, hoto ne mai nauyin tarihi a tekun Atilantika, amma fim ɗin ya wuce shi kamar bai san abin da ya zana ba. Irin wannan sakaci ya riga ya jawo ƙorafi a fim na biyu na 2006, lokacin da shugaban al'ummar Kalinago ta tsibirin Dominika, inda aka ɗauki wani sashe, ya nuna rashin amincewa da yadda aka fito da mutanen tsibiri a matsayin masu cin naman mutane.

Babban giɓin dai shi ne bauta. Jamaika ta ƙarni na 18 gonar rake ce wadda bayi daga Afirka suka ninka Turawa yawa sau da dama, amma a Port Royal ta fim ɗin ba a ga kasuwar bayi ko gonar rake ba. Zaɓen Kamfanin Gabashin Indiya a matsayin abokin gaba shi ma ya taimaka wajen kauce wa batun. Gaskiya ne kamfanin ya yi rigima da 'yan fashi, musamman bayan da Henry Every ya ƙwace jirgin Ganj-i-Sawai a 1695 yana ɗauke da alhazai a hanyarsu ta komawa Surat, abin da ya sa hukumomin Sarki Aurangzeb suka tsare ma'aikatan kamfanin. Amma wannan a tekun Indiya ne. Kamfanonin Ingila da suke da hannu dumu-dumu a Karebiyan su ne Royal African da South Sea, kuma hajarsu mutane ce.

Masu fim ɗin sun san da haka, domin sun ɗauki wata fitowa inda Beckett yake tuna wa Jack cewa ya taɓa ba shi kwangilar kai kaya ya saki kayan, Jack kuma ya amsa da cewa mutane ba kaya ba ne. Wannan ne asalin tambarin ɗan fashi da aka ƙona masa a hannu. An cire wannan magana daga fim ɗin da aka nuna a sinima, sai a cikin tarkacen fitowar da aka yanke ake samunta. Saboda haka mai kallo a Darmanawa da ya karɓi fim ɗin a faifai ko a waya ba shi da hanyar sanin cewa akwai bayi a bayan gabar Jack da Beckett. Jimla ɗaya da za ta ba 'yancin da ake ta ambato ma'ana ga ɗan Afirka, ita ce aka ga fim ɗin zai iya tafiya ba tare da ita ba, a fim ɗin da ya kusa kai awa uku.

Ko da an bar ta ma, da ta yi wa 'yan fashin tarihi kwalliyar da ba su cancanta ba. Rediker (2004) ya nuna cewa jiragensu suna zaɓen shugaba da ƙuri'a, suna raba ganima bisa ƙa'ida, kuma akwai baƙaƙe da yawa a cikinsu. Amma alaƙarsu da cinikin bayi a cuɗe take. Jirgin Blackbeard jirgin bayi ne na Faransa da ya ƙwace a 1717, shi ma jirgin Sam Bellamy jirgin bayi ne, wanda sunansa ma daga tashar bayi ta Wida, a ƙasar Benin ta yau, aka samo shi. Bartholomew Roberts ma'aikaci ne a jirgin bayi lokacin da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, a gaɓar Gana, a 1719. A watan Janairu na 1722 mutanensa suka cinna wa wani jirgi wuta a Wida saboda mai shi ya ƙi biyan fansa, da bayi kimanin 80 ɗaure a ciki. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila ya kashe Roberts a gaɓar Gabon, aka kai mutanensa gidan yari na Cape Coast. Turawan cikinsu an yi musu shari'a ɗaya bayan ɗaya, aka rataye 52, aka sallami wasu da dama. Baƙaƙen cikinsu, su kimanin 70, ba a kai su gaban alƙali ba, sayar da su aka yi.